Kafafen sada zumunta: suna ƙarfafa dimokuraɗiyya ne ko suna raunana ta?

Ɗalibin Kimiyyar Siyasa ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma na ga ya dace in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani. A shekarar 2011, lokacin da Shugaba Zine El Abidine Ben Ali ya tsere daga Tunisiya ranar 14 ga Janairu, sannan Hosni Mubarak ya sauka daga mulkin Masar ranar 11 ga Fabrairu, mutane da dama sun ɗauka cewa wayar salula da Facebook sun kawo ƙarshen mulkin kama-karya, tunda talaka ya samu hanyar da zai yi magana duniya ta ji shi ba tare da ya nemi izinin gidan rediyon gwamnati ba. Shekara bakwai bayan haka sai zance ya juya. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica ya mallaki bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87 domin aikin yaƙin neman zaɓe, kuma a cikin shekarar ce masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana irin rawar da dandalin ya taka wajen yaɗa ƙiyayya ga 'yan ƙabilar Rohingya a Myanmar.

Abin da nake son fahimta shi ne: wanda ya wallafa ra'ayinsa, ya yaɗa maudu'i, ya sa hannu a takardar koke ta intanet, shin ya shiga harkokin ƙasarsa da gaske ne, ko kuwa haushinsa kawai ya huce alhali masu mulki na ci gaba da abin da suka sa gaba? Idan kuma akwai wuraren da aka ci riba, mene ne ya bambanta su da wuraren da aka tafka asara?

Tsohon Ɗan Jarida ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Amsata a taƙaice ita ce, waɗannan kafafe sun sauƙaƙa tara jama'a ƙwarai da gaske, amma ba su sauƙaƙa tsara jama'a ba ko kaɗan, kuma a siyasa na biyun ne yake yanke hukunci.

Mu ɗauki Masar ɗin da ka ambata. Shafin da aka buɗe a Facebook da sunan Khaled Said, matashin da ya rasa ransa a hannun 'yan sanda a birnin Iskandariyya a watan Yunin 2010, ya taimaka matuƙa wajen kiran mutane su fito ranar 25 ga Janairun 2011, kuma cikin kwana 18 gwamnatin da ta yi kusan shekara 30 ta faɗi. To amma da aka zo zaɓen majalisa a ƙarshen shekarar, waɗanda suka kwashe mafi yawan kujeru su ne jam'iyyar 'Yan'uwa Musulmi da jam'iyyar Al-Nour, wato masu rassa a unguwanni da ƙauyuka, masu mutanen da suka san ƙofar gidan kowane mai jefa ƙuri'a. Matasan da suka yi zanga-zanga a dandalin Tahrir na birnin Alƙahira, waɗanda duniya ta san fuskokinsu, ɗan abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. A watan Yulin 2013 kuma sojoji suka kifar da zaɓaɓɓen shugaba Mohamed Morsi na 'Yan'uwa Musulmi, domin su ma suna da tsari, nasu ma ya fi na kowa daɗewa.

A Tunisiya, lokacin da rikicin siyasa ya kusa wargaza komai a 2013, ba wani shafi ne ya zaunar da ɓangarorin a teburi ba. Ƙungiyar ƙwadago ta UGTT ce, wadda aka kafa tun 1946, tare da ƙungiyar masu masana'antu da ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan'adam, suka shiga tsakani har aka samu kundin tsarin mulki a Janairun 2014, kuma saboda wannan aikin aka ba su kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2015. Na san abubuwa sun sake komawa baya a can tun daga Yulin 2021 da Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa, amma shekarun da aka samu a tsakani ƙungiyoyin nan ne suka samar da su.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Sudan. Bayan an tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soji da ke Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, an katse intanet na wayoyin hannu fiye da wata guda, bisa tunanin cewa idan babu Facebook babu zanga-zanga. Sai kwamitocin unguwanni suka koma bi gida-gida, suna raba takardu, suna rubutu a bango, suna sanar da juna baki da baki lokaci da wurin haɗuwa. Ranar 30 ga Yuni jama'a suka cika tituna a garuruwa da yawa alhali intanet na kashe, kuma ba a daɗe ba sojoji suka amince da yarjejeniyar raba mulki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya gina amana tsakaninsa da maƙwabtansa tun kafin ranar fitowa, waya tana ninka masa ƙarfi. Wanda kuma bai da komai sai yawan mabiya, ranar da aka kashe masa layi ko ranar da aka ce ya turo wakilan da za su yi ciniki da gwamnati, a nan ne zai gane ba shi da wanda zai tura.

Mai Rubuta Manhaja ya amsa:

Baba, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, sai dai ina ganin ka ɗauki dandalin tamkar wani fili ne da ba ruwansa da abin da ake yi a cikinsa, alhali ba haka yake ba. Mu da muke wannan sana'a mun san cewa babu wani abu da ke bayyana a fuskar wayar mutum bisa tsautsayi. A duk lokacin da ka buɗe manhaja, akwai dubban rubuce-rubuce da bidiyoyin da za a iya nuna maka, sai wani lissafi ya ba kowannensu maki gwargwadon yiwuwar za ka tsaya a kansa, ko ka yi tsokaci, ko ka tura wa wani, sannan a jera maka su daga mai maki mafi yawa. Dalilin yin haka ba ɓoyayye ba ne: fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin Meta, mamallakin Facebook, daga talla yake fitowa, talla kuwa da lokacin da mutum ya ɓata yana kallo ake sayar da ita.

Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna yadda wannan lissafi yake shafar siyasa kai tsaye. Tun daga 2017 kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da alamar fushi, maki biyar, alhali danna alamar 'like' ta yau da kullum maki ɗaya ne. Daga baya ma'aikatansa suka gano cewa rubutun da ke jawo alamar fushi ya fi yawan ƙunsar ƙarya da cin zarafi, har a 2020 aka mai da makin fushi sifili. Ka duba wannan da kyau: shekara uku ana fifita abin da ke tunzura mutane a gaban biliyoyin jama'a, ba tare da wata majalisa ta tattauna ba, ba tare da wani mai jefa ƙuri'a ya sani ba. Ɗan siyasar da ya lura cewa zagi ya fi bayani tafiya, ba sai an koya masa abin da zai riƙa wallafawa ba.

Ba na ɗora wa na'ura laifin duka. Binciken da masana na jami'ar MIT suka wallafa a mujallar Science a 2018, bayan sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, ya gano cewa yiwuwar a sake yaɗa labarin ƙarya ta fi ta labarin gaskiya da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne suka fi yin wannan aiki, ba asusun da na'ura ke sarrafawa ba. Haka kuma gwaje-gwajen da aka yi a lokacin zaɓen Amurka na 2020, waɗanda aka fitar da sakamakonsu a 2023, sun nuna cewa sauya wa mutane yadda ake jera musu labarai na tsawon wata uku bai sauya ra'ayoyinsu na siyasa yadda za a iya aunawa ba. Saboda haka masu cewa lissafin na'ura kaɗai ne ya raba kan al'umma sun wuce gona da iri.

Duk da haka, yadda aka gina manhaja yana da tasiri, kuma akwai shaidar hakan. Bayan jita-jitar satar yara da ta yi sanadin kashe mutane a Indiya, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a can a Yulin 2018, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya baki ɗaya a Janairun 2019. Da kamfanin bai yarda cewa saurin tura saƙo na cikin matsalar ba, da bai taɓa shi ba. A Taiwan kuwa, a 2015, an yi amfani da wata manhaja mai suna Polis wajen tattauna yadda za a tsara aikin Uber, kamfanin kiran motar haya ta waya, da na direbobin tasi. Kowa na iya rubuta gajeriyar magana, sauran kuma su nuna sun yarda, ko ba su yarda ba, ko su wuce, amma babu wurin mai da martani, don haka babu damar cacar baki. Manhajar tana rarraba mahalarta gida-gida bisa ra'ayinsu, sannan ta ɗaga maganganun da suka samu karɓuwa a dukkan gidajen. Wanda ke son maganarsa ta yi sama dole ya rubuta abin da abokin hamayyarsa ma zai iya amincewa da shi. Mutanen iri ɗaya ne da na ko'ina, abin da aka sauya shi ne irin maganar da ake ba lada.

Malama Mai Sa Ido a Zaɓe ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni ina so in janye hankalin ɗan'uwanmu mai tambaya daga muhawarar shafuka zuwa wata takarda guda, wato takardar sakamakon rumfar zaɓe, domin a ganina a nan ne fasaha ta yi wa dimokuraɗiyya aiki mafi girma, ko da yake ba a cika yi mata kirari a kansa ba. Idan an gama ƙirga, jami'i ya rubuta alƙaluma, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, sai ka ga hannaye sun ɗaga wayoyi kowa na ɗaukar hoton takardar kafin a naɗe ta. A da, tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako ne alƙaluma suke sauya kama, ba mai shaida sai wanda aka bari ya shiga. Yanzu wanda zai sauya lamba ya san akwai hotuna a aljihun mutanen da bai san su ba.

A Kenya, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumban 2017 saboda kura-kurai a hanyar aika sakamako. A zaɓen 2022 sai hukumar zaɓen ƙasar ta ɗora hotunan takardun rumfuna sama da 46,000 a shafin da kowa zai iya buɗewa, har gidajen jarida da ɗaiɗaikun mutane suka riƙa yin nasu lissafin. An yi jayayya, an je kotu, amma jayayyar a kan takardun da kowa ke gani aka yi ta. A Najeriya kuwa, a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, an yi alkawarin ɗora sakamako nan take a IReV, shafin hukumar zaɓe na duba sakamako, sai na shugaban ƙasa ya yi jinkiri sosai, hukumar ta ce matsalar na'ura ce, kuma wannan jinkiri ya ci amanar da aka daɗe ana ginawa. Alkawarin fasaha idan bai cika ba ya fi rashin yin sa ɓarna.

Game da takardun koke da ka tambaya, ɗan'uwa, yawan sa hannu ba shi ne ma'auni ba. A Birtaniya a 2019 mutane fiye da miliyan 6 sun sa hannu a shafin majalisa suna neman a fasa ficewa daga Tarayyar Turai, aka yi muhawara, gwamnati ta ƙi, aka fice. Gangamin Not Too Young To Run na neman a buɗe wa matasa ƙofar takara kuwa ya yi nasara, aka sa hannu kan gyaran kundin tsarin mulkin Najeriya ranar 31 ga Mayun 2018, aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, domin masu gangamin sun san suna buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna amfani da shafukan wajen bayyana wanda ya goyi baya da wanda ya noƙe.

Abu biyu ne ke damuna. Na farko, makunnin intanet yana hannun gwamnati: Yuganda ta kashe intanet ana jajibirin zaɓen Janairun 2021, kuma ƙungiyar Access Now mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta ƙirga katsewa 296 a ƙasashe 54 a shekarar 2024 kaɗai. Na biyu, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutane kusan biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kuma mafi yawansu mazauna karkara ne da marasa ƙarfi, mata sun fi maza yawa a cikinsu. Duk ɗan siyasa ko ɗan jaridar da ya ɗauki abin da ke tashe a shafi a matsayin ra'ayin al'umma ya share waɗannan mutane daga lissafi, alhali suna da katin zaɓe kuma suna fitowa.

Ɗalibin Kimiyyar Siyasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam da Malama, Allah ya ƙara basira. Bayanin Malam mai rubuta manhaja ya haifar mini da wata tambayar. Idan kamfanoni na da irin wannan iko, har mutum guda zai iya sayen Twitter a kan dala biliyan 44 kamar yadda Elon Musk ya yi a Oktoban 2022 ya kuma sauya dokokinsa yadda ya so, ashe ba wajibi ba ne gwamnatoci su sa musu linzami? Amma kuma gwamnatocin da Malama ta ce suna kashe intanet su ne za a ba wannan linzamin. Ta yaya za a fita daga wannan?

Lauya Mai Zaman Kansa ya amsa:

Ɗan'uwa, idan aka kawo maka daftarin doka kan kafafen sada zumunta, abu na farko da za ka duba shi ne wa dokar take nufi: mai magana ko kamfanin da ke riƙe da dandalin. Abu na biyu, wa ke yanke hukuncin cewa magana ƙarya ce: alƙali ko minista.

Dokar Singafo ta 2019 ta ba ministoci ikon su ayyana magana a matsayin ƙarya su kuma umarci a liƙa mata gyara, kuma 'yan adawa na cikin waɗanda aka fara amfani da ita a kansu. Wanda ake suka shi ne ya zama mai tantance gaskiyar sukar, ko da an ce akwai damar ɗaukaka ƙara daga baya. Dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, ya hukunta miliyoyin mutanen da ba su yi laifin komai ba, kuma kotun ECOWAS ta yanke a Yulin 2022 cewa matakin ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Tarayyar Turai ta bi wata hanyar dabam a dokarta ta ayyukan intanet ta 2022. Dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 ko fiye a cikin Tarayyar, wajibi ne ya auna haɗarin da tsarinsa ke jawo wa zaɓe da muhawarar jama'a, ya bayyana yadda yake jera abin da yake nunawa, ya ajiye rumbun tallace-tallace da kowa zai iya dubawa, ya gaya wa mutum dalilin goge rubutunsa ya kuma ba shi damar ƙorafi, ya buɗe bayanai ga masu bincike, kuma tarar saɓawa na iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya a shekara. Ni wannan salon na fi amincewa da shi, domin yana tilasta a buɗe abin da ke rufe ba tare da an naɗa wani jami'i mai tantance ra'ayoyin mutane ba, sai dai yana buƙatar hukuma mai cin gashin kanta da kotun da gwamnati ke jin tsoro, ƙasashe da yawa kuwa ba su da ko ɗaya.

Ko a Turai ɗin ma maganar ba ta ƙare ba. Ranar 6 ga Disamban 2024 Kotun Tsarin Mulkin Romaniya ta soke zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, kwana biyu kafin zagaye na biyu, bayan hukumomin leƙen asiri sun fitar da rahotannin da ke cewa an yi amfani da shiryayyun asusu da kuɗin da ba a bayyana ba wajen tallata Călin Georgescu, ɗan takarar da ya zo na ɗaya a zagayen, a TikTok. Ban raina haɗarin da kotun ta hango ba, amma a matsayina na lauya hukuncin bai kwanta mini ba, domin mutane fiye da miliyan 2 da suka zaɓe shi da hannunsu suka jefa ƙuri'ar, kuma ba a ce an sauya alƙaluman ƙirga ba. Idan har za a riƙa soke zaɓe saboda abin da masu zaɓe suka kalla a waya, to dole ne a rubuta ma'aunin a doka tun kafin a buga gangar siyasa, a kuma gabatar da hujjojin a fili inda wanda ake zargi zai iya ƙalubalantarsu.